Gidan Hardaga: Musulmin Sarayebo da Suka Buɗe wa Maƙwabtansu Yahudawa Ƙofa

A watan Afrilu na 1941 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin Sarayebo ruwan bama-bamai. Yosef Kabilyo, wani Bayahude mai masana'antar bututu, ya kwashi matarsa Rifka da 'ya'yansu biyu suka gudu kan duwatsun da suka kewaye garin. Da ƙura ta lafa suka sauko, suka tarar gidansu ya zama kufai. Ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu, sai suka nufi masana'antar ko sa raɓe a can. A hanya suka yi kiciɓis da Mustafa Hardaga, abokin Yosef, wanda kuma shi ne mai ginin da masana'antar take ciki. Da ya ji abin da ya same su, nan take ya ce su biyo shi gida.

In da a nan labarin ya tsaya, da ba wani abin rubutu ba ne. Ko a garuruwanmu idan gobara ta cinye gidan mutum, maƙwabta sukan ba shi ɗaki ya fake kafin ya farfaɗo. Abin da ya sa na ɗauki wannan gida na yi nazari a kansa shi ne, sau uku aka ƙwanƙwasa ƙofar nan a cikin shekara huɗu, sau uku ana buɗewa, kuma ta biyun an buɗe ta ne a lokacin da hukuncin buɗewar kisa ne.

Garin da abin ya faru

Sarayebo gari ne da ke cikin kwari, duwatsu sun sa shi a tsakiya, a ƙasar Bosniya. Daular Usmaniyya ta Turkawa ce ta raya shi tun ƙarni na 15, ta mulke shi fiye da shekara ɗari huɗu kafin Ostiriya ta karɓe a 1878. Mafi yawan Yahudawan garin jikokin waɗanda aka kora daga Andalus ne a 1492, shekarar da birnin Garnaɗa ya faɗi, wato guguwa ɗaya ce ta kwaso su da Musulmin can. Sarkin Usmaniyya ya karɓe su a ƙasarsa, wasunsu suka gangaro har Sarayebo a ƙarni na 16, suka gina wurin ibadarsu na farko a 1581, taku kaɗan daga babban masallacin Gazi Husrev-beg. A gida suna magana da Ladino, tsohon Sifaniyancin da suka yi ƙaura da shi, a kasuwa kuwa harshen gari suke yi da kowa. Kafin yaƙi sun kai kimanin 10,000 a birnin, kimanin 14,000 a Bosniya baki ɗaya.

Mutanen Bosniya suna da wata kalma, komshiluk, da suka aro daga Turkanci. Maƙwabtaka take nufi, amma irin wadda ta wuce gaisuwar bakin ƙofa, ta kai ga aron gishiri da zuwa jana'iza da shan gahawa a gidan juna ko da addini bai zo ɗaya ba. A kan wannan ƙa'ida Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa da Yahudawa suka zauna a garin. Ita ce 1941 ta zo ta gwada.

Jamus ta afka wa Yugoslabiya, ƙasar da Bosniya take cikinta a lokacin, ranar 6 ga Afrilu. Ranar 10 aka shelanta wata sabuwar ƙasa mai suna 'Yantacciyar Ƙasar Kuroshiya, aka haɗa da Bosniya a ciki, aka damƙa ta a hannun ƙungiyar Ustasha ta Ante Pavelic. Sojan Jamus sun shiga Sarayebo ranar 15, kuma kafin a je ko'ina aka wawashe babban wurin ibadar Yahudawa da aka gama ginawa a 1930, aka lalata shi. Ranar 30 ga wata aka fito da dokokin wariyar jinsi irin na Nazi. Aka tilasta wa Yahudawa liƙa alama mai ruwan ɗorawa a jikin tufafinsu, aka kore su daga aikin gwamnati, aka ɗora wa shagunansu da masana'antunsu wakilai na hukuma waɗanda a zahiri magada ne tun mai dukiya yana raye. Daga watan Satumba aka fara kwashe su zuwa sansanoni. Mafi muni a ciki shi ne Yasenobac, inda ƙiyasin masana ya nuna an kashe tsakanin mutum 77,000 da 99,000 daga 1941 zuwa 1945, akasarinsu Sabiyawa, sai 'yan ƙabilar Roma, da Yahudawa, da duk wanda ya ƙi gwamnatin, Musulmi ko Kirista.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan, don shi ne ma'aunin komai. Musulmin Bosniya ba sa cikin waɗanda aka sa wa alamar mutuwa. Ustasha zawarcinsu take yi. Tana kiransu furen al'ummar Kuroshiya, ta ba wasunsu muƙamai, har ta mai da wani babban gidan baje kolin zane na Zagreb masallaci. Kuma ba zan ɓoye ba, wasu Musulmin sun amsa kiran. Sun sa kakin Ustasha, sun shiga cikin ta'asar, a 1943 kuma aka kafa runduna guda ta SS, wato dakarun jam'iyyar Nazi, da Musulmin Bosniya, wadda Muftin Ƙudus na lokacin, Amin al-Husaini, ya taimaka wajen tara mata mutane. A ɗaya gefen kuma, ranar 12 ga Oktoba 1941 malamai da manyan Musulmin Sarayebo su 108 suka sa hannu a wata takarda suna Allah wadai da kashe-kashen da ake yi, suna barranta daga Musulmin da suka sa hannu a ciki, aka kuma yi irinta a Mostar da Banja Luka da Tuzla. Tsakanin waɗannan biyu akwai taron jama'a da suka ja ƙofa suka yi shiru, kowa tasa ta fisshe shi. Gidan Hardaga na da damar shiga wannan sahu. Babu mai nemansu. Da sun yi shiru da ba abin da zai taɓa su.

Baƙon namiji a cikin gida

Gidan na gandu ne. Mustafa da matarsa Zejneba, wato Zainaba a bakin mutanen Bosniya, suna zaune tare da ɗan'uwansa Izet da matarsa Bahriya. Masu riƙo da addini ne, matan ba sa fita sai da lulluɓi har da rufe fuska, kuma ba sa bayyana a gaban namijin da ba muharraminsu ba.

Bature idan ya karanta wannan wuri sai an yi masa dogon bayani. Mu ba ma bukata. Duk wanda ya tashi a gidan da aka rubuta "ba shiga" a bakin zaure ya san iyakar baƙo namiji. Ana iya shekara talatin ana abota da mutum, ana cin tuwo kwano ɗaya a soro, bai taɓa sanin launin bangon tsakar gidan abokinsa ba. To a irin wannan gida aka shigar da Yosef Kabilyo, ba zaure ba, ciki, ya kwana ya tashi. Namiji ne, baƙo ne, kuma ba Musulmi ba.

Zainaba ta ba da labari bayan shekaru masu yawa cewa mazansu sun ce wa baƙin, gidanmu gidanku ne, kun zama 'yan gida. Kuma don kada maganar ta tsaya a fatar baki, sai aka ɗauke wa matan gidan rufe fuska a gaban Yosef, tunda ya zama ɗan'uwa.

Na daɗe ina juya wannan wuri a raina. Na san ɗalibin fiƙihu zai ce magana ba ta mai da ajnabi muharrami, kuma gaskiyarsa, hukuncin a bayyane yake. Amma a dubi abin da mutanen nan suke ƙoƙarin warwarewa. Mutumin da jiya yake da gida da ma'aikata, yau ya shigo da 'ya'yansa ba ko tabarma. Idan duk lokacin da ya yi gyaran murya mata za su watse su shige ɗaki, idan sai an yi masa iso kafin ya je ya kama ruwa, to kowace safiya ana tuna masa shi kaya ne a wuyan mutane. Mai zuciya ba zai jure wannan ba, zai tattara ya fita, kuma waje a wannan lokaci halaka ce. Sun duba abin da ya fi tsada a gidan, wato sirrin cikinsa, suka ba shi, don ya iya zama ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ciyar da mabuƙaci abu ne da mutane da yawa suke iyawa. Waɗanda suke iya ciyar da shi su kuma bar masa mutuncinsa ba su da yawa.

Akwai wani hoto da aka ɗauka a 1941 da ya tsira har yau. Mata ne da yara suna tafe a kan titin Sarayebo, Zainaba cikin lulluɓinta fuska a rufe, Rifka Kabilyo a gefenta cikin tufafin Turawa. Zainaba ta matso jikinta yadda mayafin ya rufe alamar ruwan ɗorawan da ke jikin Rifka. Mai wucewa zai ga ƙawaye ne suka fito, ba zai ga komai ba. Mayafin da aka sauke a cikin gida don a girmama mijin, shi ne aka shimfiɗa a kan titi don a suturta matar. Idan aka tuna cewa a 1950 gwamnatin gurguzu ta Yugoslabiya ta haramta wannan lulluɓi a Bosniya da sunan 'yantar da mata, sai hoton ya ƙara nauyi.

Mari a ƙafa, ƙanƙara a titi

Zaman farko bai daɗe ba. Yosef ya samu hanya ya fitar da matarsa da 'ya'yansa zuwa Mostar, wadda ke ƙarƙashin sojan Italiya. Italiya ƙawar Jamus ce a yaƙin, amma hafsoshinta a wannan yanki sun yi ta jan ƙafa duk lokacin da aka nemi su miƙa Yahudawa, don haka dubbai suka tsira ta wannan kafa. Kafin su tafi, iyalan Kabilyo sun bar kayan adonsu ajiya a gidan Hardaga. Shi Yosef ya tsaya a baya don ya rufe harkar masana'antarsa, kuma tsayawar ta zame masa tarko. 'Yan Ustasha suka kama shi suka kulle.

Yasenobac aka nufa da su. Abin da ya hana shi ne dusar ƙanƙara da ta zuba ta toshe hanya. Maimakon a bar fursunonin a zaune, sai aka riƙa fito da su da mari a ƙafa suna share ƙanƙara a titunan gari. A nan Zainaba ta gan shi. Yosef ya ba da shaida daga baya cewa ya hango ta tsaye a kusurwar titi, fuskarta a rufe kamar kullum, tana kallonsa tana hawaye.

A nan ne, a ganina, labarin ya tashi daga hannun mazan gidan ya koma hannun wannan mata. Gayyatar farko ta Mustafa ce, kuma ana iya cewa mace ta bi umarnin mijinta. Amma babu wanda ya aike ta kusurwar titin nan. Mutane da yawa sun wuce ta wurin, sun ga mutanen da suka sani a kasuwa cikin sarƙa, sun kawar da kai, wasu ma wataƙila sun yi kuka a zuci. Ita ta koma gida ta ɗora tukunya. Ta fara kawo abinci, kuma ba Yosef kaɗai take kawo wa ba, har da sauran fursunonin. A yi tunanin abin a zahirinsa. Macen kulle ce, a garin da soja suka mamaye, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, ta ɗauko kwano ta nufi wurin da masu gadi ke tsaye da bindiga, a idon kowa, don ta miƙa wa mutanen da hukuma ta riga ta yanke cewa ba za su rayu ba. Lulluɓin yana ɓoye fuskarta, amma ba ya hana a bi sawunta har gida.

Yosef ya samu ya tsere. Da ya tsere kuma bai da wata ƙofa da ya amince da ita sai waccan. Wannan ce buɗewa ta biyu, kuma ta bambanta da ta farko nesa ba kusa ba. A Afrilu wanda bam ya rushe wa gida suka karɓa. Yanzu fursuna ne da ya gudu daga hannun hukuma, jikinsa ya lalace. Hedikwatar Gestapo, 'yan sandan asirin Jamus, tana kusa da gidan. A jikin bangayen gari an liƙa sanarwa cewa duk wanda ya ɓoye Basabe ko Bayahude hukuncinsa kisa, kuma Yosef da kansa ya ambaci waɗannan takardu a shaidarsa. Gida ne mai yara da mata biyu da maza biyu, ga maƙwabta masu ido da kunne. Duk wanda ya zauna a gidan yawa ya san wuyar ɓoye ko da buhun hatsi ne, balle mutum mai tari da nishi. Suka karɓe shi, suka yi jinyarsa har ya murmure.

Shi ma Yosef a ba shi haƙƙinsa. Da ya ji ƙarfi a jikinsa bai miƙe ƙafa ba. Ya duba abin da zamansa zai jawo wa masu gida, ya zaɓi ya ɗauki kasadar hanya ya tafi Mostar wurin iyalinsa. A watan Satumba na 1943 Italiya ta ajiye makamai, Jamus ta mamaye yankunan da take riƙe da su, tsugune ba ta ƙare ba. Iyalan Kabilyo suka hau duwatsu suka shiga cikin 'yan sari-ka-noƙen Tito, jagoran 'yan gurguzun da ke yaƙar mamayar, a can suka ga ƙarshen yaƙin.

Wanda ya biya da ransa

An 'yantar da Sarayebo ranar 6 ga Afrilu 1945. Daga cikin Yahudawan Bosniya 14,000, aƙalla 10,000 ba su dawo ba. Su Kabilyo suna cikin 'yan kaɗan da suka dawo, miji da mata da 'ya'ya, babu wanda ya ɓace. Ba su da gida, sai suka sake komawa inda suka saba, aka sake buɗe musu, suka zauna har suka samu nasu wurin. Kayan adon da suka bari aka fito musu da su aka miƙa.

Kada a raina wannan. A faɗin Turai bayan yaƙi, Yahudawa da yawa sun dawo sun tarar da maƙwabci a cikin gidansu, sanye da rigarsu, yana musu kallon me ya dawo da kai. A garin Kielce na ƙasar Foland, a Yulin 1946, fiye da shekara guda bayan an gama yaƙi, mutanen gari suka far wa Yahudawan da suka tsira suka kashe 42. Zinariya kuwa a shekarun yunwa ita ce burodi, ita ce cin hancin da ke fitar da mutum daga kurkuku, kuma mai ita kowa ya ɗauka ya mutu. Harshen Bosniya yana da kalmar amanet, ita ce amanar da muka sani, daga tushe ɗaya na Larabci muka aro ta mu da su. Shekara huɗu ajiyar nan tana kwance ba a taɓa ta ba.

A wannan dawowa ne su Kabilyo suka ji abin da ya sami mahaifin Zainaba. Sunansa Ahmed Sadik. Shi ma, a garin Konyic da ke kan hanyar Mostar, ya ɓoye Yahudawa 'yan gidan Papo a gidansa. An gano shi, an kama shi, an kai shi Yasenobac an kashe shi. Wurin da ƙanƙara ta hana a kai Yosef, can aka kai tsohon.

Ina so a tsaya a kan Ahmed Sadik, don labaran ceto suna da wata illa. Waɗanda suka yi nasara su ake ji, saboda su ne suka bar masu ba da shaida, sai mai sauraro ya fara ɗaukar cewa mai alheri kullum yana fita lafiya. Uba da 'ya aiki ɗaya suka yi. Ita ta rayu har ta ga jikoki, shi aka kashe shi a sansani tare da irin mutanen da ya so ya cetar. Sanarwar da aka liƙa a bango ba barazanar banza ba ce, kuma gidan Hardaga sun ga tabbacin haka a kan surukinsu.

Me ya sa su?

Ba 'yan siyasa ba ne, ba su cikin wata ƙungiyar asiri, babu wanda ya biya su. Abin da ake iya gani a fili shi ne sanayya. Mustafa ya san Yosef a matsayin ɗan haya kuma aboki tun kafin a zo a ce masa ga sunan da zai riƙa kiransa da shi. Farfaganda tana cin mutum ne a kan wanda bai sani ba. Na biyu kuma tarbiyyar gida ce, tunda ga uba a wani gari, ga 'ya a wani, kowa ya yi abu ɗaya. Sai addini, wanda a wurinsu bai zama dalilin rufe ƙofa ba.

Wannan na ƙarshe yana bukatar a faɗe shi a fili ga mai karatu Bahaushe. A bakin da yawa daga cikinmu kalmar Bayahude ta zama zagi, ana jifan marowaci da ita, ana jifan maƙetaci. Abin da ke faruwa da Falasɗinawa kuma yana ƙona zukata, har da tawa, ba na neman kowa ya sassauta a kansa. Amma a 1941 babu ƙasar Isra'ila, kuma yaran nan biyu da ke tafe a cikin hoton ba su ƙwace gonar kowa ba. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta bambanta tsakanin wanda ya yaƙe ka ya fitar da kai daga gidanka da wanda bai yi ba, ta ce ba a hana ka kyautata wa na biyun ba. An ruwaito kuma cewa Abdullahi ɗan Amru, da aka yanka akuya a gidansa, ya yi ta tambayar iyalinsa ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, sannan ya kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe ba yana yi masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Su Mustafa ba su fita daga addininsu ba don su yi abin da suka yi. A tsakiyarsa suke tsaye. Mu ma mun ga irinsa a gida, ranar 23 ga Yuni 2018, lokacin da Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya shigar da Kiristoci fiye da 260 masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga.

Shekara hamsin bayan haka

Iyalan Kabilyo sun yi ƙaura zuwa Isra'ila bayan yaƙi, amma zumuncin bai yanke ba. Su ne suka kai shaida cibiyar Yad Vashem da ke Ƙudus, wadda tun 1963 take tantance waɗanda ba Yahudawa ba da suka sa ransu a haɗari don ceton Yahudawa. Sharaɗinta shi ne a samu shaida, kuma ya kasance ba don lada na kuɗi aka yi ba. Sunayen da ta tabbatar zuwa yanzu sun haura 28,000 daga ƙasashe da dama. Ranar 29 ga Janairu 1984 aka sa sunayen Mustafa da Zainaba da Izet da Bahriya da Ahmed Sadik, suna cikin Musulmi na farko da aka rubuta a wannan kundi. Mustafa ya riga ya rasu. Bayan shekara guda Zainaba ta je da kanta ta dasa itace da sunan gidansu. A jikin lambar da ake bayarwa an rubuta wata magana daga Talmud, littafin malaman Yahudawa, cewa wanda ya ceci rai guda kamar ya ceci duniya ne gaba ɗaya. Duk almajirin da ya kai aya ta 32 a Suratul Ma'ida ya san wannan ma'ana.

Sai duniya ta juya. Yugoslabiya ta wargaje, a watan Afrilu na 1992 sojan Sabiyawan Bosniya suka hau duwatsun nan da su Kabilyo suka taɓa fakewa a kai, suka kafa manyan bindigogi suka yi wa Sarayebo ƙawanya. Kwana 1,425 aka yi, aka kashe mutum fiye da 11,000 a cikin garin. Babu ruwa, babu wuta, maharba suna ɗauke mutum a layin ɗiban ruwa. Wannan karon Musulmin Bosniya ne ake farauta, kuma a garin Srebrenica a Yulin 1995 aka kashe maza da samari kimanin 8,000 cikin 'yan kwanaki.

'Yan tsirarun Yahudawan da suka rage a Sarayebo ba sa cikin ɓangarorin da ke faɗa, sai suka yi amfani da wannan dama. Suka farfaɗo da tsohuwar ƙungiyarsu ta agaji, La Benevolencija, da aka kafa tun 1892. Suka buɗe wuraren ba da magani kyauta da wurin dafa abinci, ba sa tambayar mai zuwa addininsa, suna kuma shirya ayarin motoci masu fitar da mutane daga garin, Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa da Yahudawa a mota ɗaya.

Zainaba tana cikin garin, ta tsufa, tana tare da 'yarta da mijin 'yar da jikarta. Labarin halin da suke ciki ya kai Ƙudus. Yad Vashem, da taimakon ƙungiyar agajin Yahudawan Amurka da ake kira Joint, ta roƙi shugaban Bosniya ya ba da izinin a fitar da su. A watan Fabrairu na 1994, watan da bam ya faɗa kasuwar Markale ranar 5 ya kashe mutum 68, aka fitar da su huɗu daga Sarayebo. Da suka sauka a Isra'ila jami'an gwamnati suka tarbe su, daga baya ma ta gana da Firaminista Yitzhak Rabin. A cikin masu tarbar akwai iyalan Kabilyo.

Ba ta sake ganin Sarayebo ba. A can ta rasu kafin shekarar ta ƙare, garinsu kuma yana cikin ƙawanya, sai a watan Fabrairu na 1996 aka ɗage ta.